Shekara dubun nan, ba duk Kirista ne suka fahimce ta iri ɗaya ba

Akwai maganar da ta ishe ni ji a Kaduna, wai duk Kirista sun yarda Yesu zai dawo ya yi mulki a duniyar nan shekara 1,000 cif, wanda bai yarda ba kuma wai ya bar Littafi Mai Tsarki. Na gane inda aka samo ta, don Ru'ya ta Yohanna sura 20 ta faɗi shekara dubun ƙarara, har da ɗaure Shaiɗan.

Amma gaskiya fahimta uku ce tun da daɗewa. Wasu sun ce zai fara dawowa sannan mulkin ya kafu, nan yawancin ’yan Fentikos suke. Wasu kuma sun ce sai bishara ta game duniya, shekara dubun ta wuce, tukuna ya dawo. Na ukun, irin su Katolika, sun bi Agustin, wani babban malamin ikilisiya wanda ya rasu a shekara ta 430, suna cewa littafin Ru'ya cike yake da alamu, dubun nan ba lissafin kalanda ba ne, zamanin ikilisiya ne da muke ciki yanzu. Ita ma koyarwar fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama kafin babban tsanani na ƙarshen zamani, da ake ta wa'azinta, sai wajen 1830 wani mai wa'azi, John Darby, ya yaɗa ta.

Ka ɗauki maƙwabta biyu a Sabon Tasha, ɗaya Katolika ɗaya Fentikos, za su yi musu kan sura 20, amma dukansu sun yarda zai dawo ya yi shari'a, kuma Matiyu 24:36 ta ce ranar ba wanda ya sani sai Uba.