To, ina suka kwana?

Ku daina turo mini bidiyon nan, na gani. An zo da tsakar dare da motoci da fitilu, an tashi bayin Allah daga barci a ƙarƙashin gada, an tara kwalaye da tsummokaran da suke lulluɓa da su an banka musu wuta. Gari na wayewa sai ga ciyaman cikin babbar riga yana nuna wa 'yan jarida waje fes, 'yan kore na ta kirari. Sannu da aiki, ranka ya daɗe! An ci yaƙi. An yi galaba a kan tsoho da yaro a tsakiyar hunturu.

Tambaya ɗaya nake da ita: ina suka kwana?

Mutum dai ba ya ɓacewa don an ƙona kwalinsa. Ka kore shi daga gada ya koma tasha, ka kore shi daga tasha ya koma rumfar kasuwa ko kango. Matsalar tana nan daram, an dai gusar da ita daga hanyar da manya ke bi.

Kuma ai ba yau aka fara ba. A Fabrairun 2020 gwamnatin Ganduje ta sanar da haramta bara a titunan Kano. Da korona ta shigo, gwamnonin Arewa suka dinga loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, har Kaduna ta sanar cewa an samu cutar a jikin wasu daga cikin yaran da aka kawo mata. A Oktoban 2024 ministan Abuja Wike ya ba mabarata wa'adi su bar Abuja, wai suna kunyata babban birni. Yau fita ka zaga Kano, ka zaga Abuja, ka dawo ka faɗa mini ko an daina kwana a titi. Kamu, kora, hoto, shiru. Bayan wata uku a sake.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan aikin yana da mai shi, a rubuce. Ku buɗe jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi. A ciki an ɗora musu samar da maƙabartu da gidajen gajiyayyu da marasa galihu, tare da kula da su. Ba alfarma ba ce, ba sadakar matar ciyaman ba ce, aikinsu ne. Abin dariyar, layin da ke samansa na karɓar haraji ne da lasisin rediyo da talabijin, na ƙasansa kuma lasisin keke da baro da amalanke. Waɗannan biyun an haddace su kamar Fatiha. Na tsakiyar ne kawai ido ke tsallakewa. Mai turin baro zai yanki tikiti da rana a kasuwa, da dare ya naɗe a cikin baron nan ya kwana, sannan hukumar da ta karɓi kuɗinsa ta aiko a kore shi.

Ƙananan hukumomi 774 a ƙasar nan, 44 a Kano kaɗai. Kai da ke karanta wannan, ka san inda gidan gajiyayyu na ƙaramar hukumarku yake? Tambayi kansilanku, in ka same shi.

Na san uzurin da za a kawo. "Ai babu kuɗi, gwamna ya riƙe." Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ciyamomi, in har yanzu ba ya zuwa hannunku, ku fito ku faɗa da bakinku mu ji. Ba za ku faɗa ba, mun san wanda ya ɗora ku. Amma kuɗin man motocin samame ai bai taɓa yankewa ba. "Ai ɓarayi ne da 'yan ƙwaya." Wanda ya yi sata a kai shi kotu, barci ba laifi ba ne. "Laifin iyayensu ne." Na ji, a hukunta iyayen. Kafin nan yaron ina zai kwana yau? "Ai baƙi ne, ba 'yan nan ba ne." Subhanallahi. Mutumin da 'yan bindiga suka ƙona ƙauyensa a Zamfara ko Katsina ya gudo da rigar jikinsa, shi ne za ka tambaya takardar shaidar zama ɗan gari?

Maganar gaskiya, ban da wasa, mu ma ba haka aka san mu ba. Da baƙo in ya sauka a gari wajen mai unguwa ake kai shi a ba shi masauki. Zaure a buɗe yake, ɗan cirani ya shimfiɗa tabarmarsa, a miƙo masa tuwo daga cikin gida. Yanzu zaure ya zama shago, masallaci ana sa masa kwaɗo bayan isha'i saboda masu kwance fanka. Ban ga laifin kowa ba, zamani ne. Amma tunda zaure ya tafi, dole wani abu ya tsaya a gurbinsa, kuma ba wani gagarumin abu ake nema ba. Ɗaki mai rufi da ƙofa, banɗaki, famfo, mai gadi, da ma'aikacin jin daɗin jama'a da zai rubuta sunan mutum ya ji daga ina yake, mai taɓin hankali a kai shi asibiti, yaro a nemo danginsa. A Ingila, cikin Maris na 2020 lokacin korona, an umarci ƙananan hukumomi su kwashe masu kwana a titi zuwa otal-otal, cikin 'yan makonni aka samar wa mafi yawansu masauki. Mu ba otal muka ce ba. Gine-ginen gwamnati nawa ne suka zama gidan jemagu a kowace sakatariya?

Sai a amsa mini: ina suka kwana?

Af, tunda na ambaci maƙabarta, ita ma fa a layin nan take. Katangar tamu ta faɗi tun damina, awaki ke kiwo a kan kaburbura, kuma ga shi an sake zagayo da takardar karo-karo gida-gida. Na bayar, amma wallahi wannan karon sai an karanto mana lissafi a masallaci.