Kan da ke tambarin Koburg ba na bawa ba ne

Abin nan ya ishe ni wallahi. Tun jiya ake ta yawo da hoton murfin magudanar ruwa na garin Koburg da ke jihar Bavariya a Jamus, mai ɗauke da tambarin garin, wato kan wani baƙar fata, wai ga Turawa suna taka kan bawa, a matsa musu su cire shi. Haba jama'a! Wanda ke jikin tambarin nan ba bawa ba ne. Moris ne, waliyyin da Kiristocin garin suka riƙa a matsayin majiɓincinsu, har babbar majami'arsu sunansa take amsawa. A ruwayarsu kwamandan soja ne daga Tebes ta ƙasar Masar, wanda aka kashe a ƙarni na 3 saboda ya ƙi juya takobinsa kan masu addininsa. Don girmamawa suka zana kansa baƙi, da ɗan kunne na zinariya, a kan fili ruwan zinariya, kuma ɗaruruwan shekaru ke nan yana wurin.

Kun san su wa suka taɓa cire shi? 'Yan Nazi, jam'iyyar Hitler. Koburg ne garin farko a Jamus da suka samu rinjaye a majalisarsa, a 1929. A 1934 suka ga ba za su iya jure baƙar fuska a tambarin gari ba, suka goge ta, suka sa takobi da alamarsu. Sai da suka faɗi a 1945 aka dawo da Moris. To yanzu mu baƙaƙen fata ne za mu ƙarasa musu aikin da suka fara? Mu da bakinmu?

Na san za a ce an kumbura masa leɓe, kuma a 2020 wasu Jamusawa ma sun tattara sa hannu a sauya shi. Na ji. In zanen ne bai yi ba, a gyara zanen. Ga mutum-mutuminsa a majami'ar birnin Magdeburg na Jamus tun ƙarni na 13, Ba'afirke sak cikin sulke, da kwarjininsa, a kwaikwayi wannan. Amma a ce a share shi baki ɗaya, a'a. Zancen takawa kuwa, garuruwan Jamus da yawa tambarinsu suke bugawa a murfin magudana, har masu zaki da masu gaggafa.