Allon tallan nan da ya hana unguwa barci

Allon tallan nan mai hasken lantarki da aka kafa a wata unguwa a Accra, wanda bidiyonsa ya yi ta yawo, zalunci ne, kuma ba zan sassauta kalmar ba. Mutum ya kafa allo mai tsayin bene, ya juya fuskarsa ga gidajen hayar talakawa, ya bar shi yana walƙiya daga magariba har gari ya waye, sannan a ce mu yi haƙuri wai yana da takardar izini. To ai takardar ce abin tuhuma! Wanda ya sa mata hannu ya duba tsayin ƙarfe, ya duba tazararsa da kwalta, an biya kuɗin da ake biya, amma ba wanda ya tambayi inda hasken zai sauka, balle lokacin da za a kashe shi.

Ku shiga gidan da ke kallon allon da ƙarfe biyu na dare. A tsakar gida mutum zai iya zura zare a allura. Bango ya yi ja, ya koma shuɗi, ya koma fari fat, haka har asuba. Akwai wata dattijuwa mai sayar da koko a gidan, wadda ke tashi hura wuta tun kafin kiran sallar farko. Ta rataya zannuwa biyu da buhu a taga. Haske ya ragu, iska ma ta daina shiga, ga jikoki a ɗaki ɗaya, ga zafin Accra. Ko dai ta sha zafi ko ta sha haske. Baiwar Allah, me ta yi wa mai allo?

Na karanta maganganunku a ƙarƙashin bidiyon. Wani ya ce ƙasar da ta sha dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, ba ta da bakin kukan yawan haske. Ɗan'uwa, dumsor ɗin ne ma hujjata. A 2015 ana ba mu wuta awa 12, a ɗauke awa 24, masu sayar da ƙanƙara da masu walda suka zauna ba aiki. Tun a 2007, da ruwan madatsar Akosombo mai ba mu lantarki ya ja baya, gwamnati ta raba ƙwayayen fitila masu tsimin wuta har miliyan 6 don a rage ɓarna. Mu da muka ga wannan da idonmu, mu ne za mu zuba ido ana harba lantarki sama da cikin ɗakunan mutane, a lokacin da babu kowa a titi sai karnuka?

Wani kuma ya ce haske maganin ɓarayi ne. Ba wanda ya ce a mayar da unguwanninmu irin su Nima ko Maamobi duhu. Lungunanmu da yawa ma fitila suke nema, mata na tsoron bin su bayan isha'i. Amma fitilar tsaro ƙasa take kallo, tana da murfi a kanta, tana haska hanya da ƙofar gida. Wadda ke dukan ido kuwa ɓarawo take taimaka wa: ta kashe maka ido, ta bar inuwa baƙa ƙirin a gefen bango inda zai laɓe. Allon talla kuma ba ya gadin kowa, haja yake tallatawa. Mu bar wannan maganar.

Sai masu cewa matsalar Turawa ce. A garin nan fa, duk shekara kafin bikin gargajiya na Homowo, sarakunan ƙabilar Ga suna hana kiɗa da hayaniya na tsawon wata guda, coci da masallaci kowa ya shigar da lasifikarsa ciki, kuma muna bi. Hukumar kare muhalli tana da ma'aunin ƙarar da aka yarda da ita a unguwar zama, na rana daban, na dare daban. Wato mun riga mun yarda cewa abin da ke fita daga harabarka ya shiga ɗakin maƙwabci, doka tana da ta cewa a kai. Me ya raba ƙara da haske? Ƙara na da na'urar awo, haske ma yana da tasa. Jikin ɗan Adam yana sakin sinadarin melatonin ne idan duhu ya yi, shi ke gaya masa lokacin barci ya yi, farin hasken LED mai ratsin shuɗi kuwa yana danne shi. Jikin ɗan zango da na Bafaranshe duk ɗaya ne a nan. Kai, ko 'ya'yan kunkurun teku da ke ƙyanƙyashewa a gaɓar tekun garin Ada, fitila na ruɗa su su juya wa ruwa baya.

Abin da nake cewa shi ne a sa maganar haske cikin takardar izini, tun kafin a haƙa ramin ƙarfe. Ikon yana nan. Dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016, mai lamba 925, ita ta kafa hukumar LUSPA don fitar da ƙa'idojin tsara gari, kuma dokar ƙananan hukumomi mai lamba 936, ita ma ta 2016, ta ce ba a gini ko kafa wani abu sai da izinin majalisar yanki. Hannun da ke ba da izini zai iya gindaya sharaɗi: allo kada ya kalli tagar ɗakin kwana, a rage ƙarfinsa da an yi isha'i, a kashe shi tsakar dare, fitilun gidan mai da na manyan shaguna su kalli ƙasa. Ya kamata gwamnati ta rubuta jagora ɗaya ta tura wa kowace majalisa, don kada ma'aikaci ya ce ba shi da abin dogaro. Faransa tun 2013 ta ce a kashe fitilun gaban shaguna da ƙarfe ɗaya na dare, na ofis kuma awa ɗaya bayan an tashi, kuma kasuwar Paris ba ta mutu ba. Ingila ta sa haske mai damun maƙwabci cikin abin da ake kai ƙara a kai a dokar 2005.

Na san za a ce a je a roƙi mai allon. An je. Dattawan layi sun je da girmansu, aka nuna musu takarda. Shi ya sa nake ta maimaitawa: takarda, takarda. Roƙo yana ƙarewa a kan mutum ɗaya, gobe wani ya kafa nasa a layi na gaba. Duk wanda zai zo neman ƙuri'armu ta wakilin unguwa, ku tambaye shi wannan a gaban jama'a, ku sa ya amsa.

Af, tunda ana maganar haske, ku 'yan'uwana masu babura da direbobin trotro (motocin haya) da ke ƙara fararen fitilun nan a goshin mota, ku ji tsoron Allah. Mai tsallaka titi a Kanda da daddare ba ya ganin komai idan kun haske shi, sai ya tsaya cak a tsakiyar kwalta. Ku cire su, ko ku sa makaniki ya sunkuyar da su.