Ranar da na sa wa danjata kwalli

A TikTok na ga wani yaro ya feshe danjar motarsa ta yi duhu-duhu kamar an ja mata kwalli, na ce to Corolla ɗina me ta yi da za a bar ta a baya? Asabar da safe na faɗa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, na ce wa mai shago ya ba ni baƙin fentin feshi gwangwani biyu. Ya ce me zan fesa? Girman kai ya hana ni faɗa, na ce kai dai miƙo. Sai daga baya na ji cewa na danja daban ne, shara-shara ne, haske na ratsa shi. Wanda na ɗauko kuwa na ƙofar gida ne da kurfoti.

Na wanke danjar, na liƙe gefe da tsofaffin jaridu da salatif, na hau feshi. A bidiyon an ce shafi biyu ko uku marasa kauri, ana jira ya sha iska kafin a ƙara. Ni na farkon ya fito dabbare-dabbare, sai na bi shi da na biyu, har na kai biyar. Ga hunturu, ƙura duk ta manne.

Bayan Magariba majalisa ta cika a ƙofar gida, na ce wa ƙanin maiɗakina ya tsaya a baya ya duba min. Na shiga, na tayar, na taka birki.

"Yaya, taka mana."

Na ce na taka.

"A'a Yaya, birki nake nufi, na tsakiya."

Ni da nake tuƙi tun yana zuwa makarantar allo ba wando, yau shi ke nuna min inda birki yake. Na danna har ƙafata ta kusa huda ƙasan motar. Ya durƙusa, ya kare ido da tafin hannu kamar mai duban watan Sallah, ya ce, "Akwai ɗan ja-ja a can ƙasa, amma sai mutum ya yi niyyar gani." Majalisa ta fashe. Wani ya ce a gwada sigina. Na kunna, ina jin ƙas-ƙas ɗinta a ciki, a waje shiru. Sai ga maiɗakin ta leƙo ta soro da murya ƙasa-ƙasa, "Abban yara, ko a kawo cocila a ɗaura?" Wallahi har yau ban gane tausayi ne ko tsiya ba.

Amma duk waɗannan na yafe. Wanda ban yafe wa ba shi ne Baba, wani tsohon direba. Awa biyu cur yana kan bencinsa da rediyo da asuwaki yana kallona. Shi ya riƙe min jarida da iska ta ɗauke ta. Har cewa ya yi in ƙara ta gefen hagu, wai bai ji ba. Sai da aka gama dariya ya tofar da asuwaki ya ce, "Ai tun feshin farko na san ka kashe ta, shekarata talatin a kan sitiyari." To Baba, bakinka ciwo yake yi? Mutumin nan fa jek ɗina na gidansa tun Babbar Sallar bara, kullum na tambaya sai ya ce yaro ya fita da makullin ɗakin. Kuma shi ne dai ya ce in goge da fetur.

Na goge. Fentin ya fita, robar kuma ta yi fari fat kamar ido mai yana, ga tsaga ƙanana ko'ina. Baba ya ce ai ya manta, danjar zamaninsu ta fi ƙwari.

Litinin na koma Ƙofar Ruwa a adaidaita, na zagaye layin mai fentin don kada ya gan ni, na sayo 'yar Beljiyam guda biyu. Ta dama ta ɗan fi ta hagu ja. Ragowar fentin maiɗakin ta feshe kurfotinta da shi, ya yi kyau kuwa. Jek ɗin dai yana can.