Tambayar da mai unguwa ya yi mini a Yogyakarta

Ana saura kwana biyar a yi bikin 17 ga Agusta, ranar samun 'yancin kan Indonesiya, mai unguwar da nake haya a birnin Yogyakarta na ƙasar Indonesiya ya yi mini sallama, riƙe da littafin karo-karo da wata 'yar tuta mai launin ja da fari. Bayan na ba da abin da ya sawwaƙa, sai ya tambaye ni cikin fara'a ko wane wasa muke yi a unguwarmu ranar samun 'yancin kai. Na yi ta laluben amsa, daga ƙarshe na ce masa ana ba da hutu. Dattijon bai ce komai ba, amma har yau wannan amsa tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Tun farkon wata matasa suka fito da bokitan fenti suka gyara ƙofar lungunmu, kowane gida kuma ya kafa tuta a kan gora. A daren 16 ga wata aka shimfiɗa tabarmi a tsakiyar titi, aka yi addu'a ga waɗanda suka rasa rayukansu a gwagwarmaya, sannan aka kawo shinkafa rawaya da aka tula kamar dala, aka yanke ƙololuwarta aka miƙa wa dattijon da ya fi kowa shekaru. Washegari yara suka yi tseren buhu, daga nan aka koma kan wasan da suke kira panjat pinang: a kafa dogon kututture a shafe shi da baƙin mai, a rataye keke da bokitai da atamfofi a samansa, samari su riƙa taka kafaɗun juna suna hawa suna zamowa. Na ga wani mai gyaran babur da ke can ƙasa, mai ya rufe masa fuska, ƙafafunsa na rawa da nauyin mutum uku, amma ya cije har sai da ƙaramin cikinsu ya cafko keken. Babu jami'in gwamnati ko ɗaya a wurin, kuɗin kuwa daga littafin mai unguwa suka fito.

Yaran lungun sun san cewa Sukarno, wanda ya zama shugaban ƙasarsu na farko, shi ne ya karanta sanarwar 'yanci a Jakarta a 1945, Hatta, wanda ya zama mataimakinsa, na tsaye a gefensa, ranar Juma'a cikin watan Ramadan, kwana biyu bayan Japan ta miƙa wuya. Sun san Fatmawati, matar Sukarno, ce ta ɗinka tutar farko, kuma Turawan Holan ba su sakar musu mulki ba sai a Disambar 1949, bayan shekara huɗu ana gwabzawa.

Wani abokina ya ce bambancin shi ne su da jini suka karɓa, mu kuwa a teburin shawara a Landan. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma ban yarda da ita ba. Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, an ƙone Satiru a 1906, an harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu a 1949, Gambo Sawaba kuma ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba. Muna da abin tunawa, sai dai ranar 1 ga Oktoba mun bar wa gwamnati ita, ta zama jawabin shugaban ƙasa da safe da faretin sojoji, alhali mu ne mutanen da ke cika gari da hawan Sallah ba tare da wani ya roƙe mu ba. Na san talauci da rashin tsaro suna sanyaya gwiwa, amma mai gyaran babur ɗin nan ma ba attajiri ba ne.

Ina tuna lokacin da muke firamare, ana wanke mana farin takalmi tun dare domin maci a filin wasa, mahaifina kuma yana ba mu labarin yadda suka taru a gindin rediyo a 1960 suna sauraron muryar Tafawa Ɓalewa. Ya rasu ina nan, ban samu jana'izarsa ba. 'Yata mai shekara shida tana rera taken Indonesiya daga farko har ƙarshe, da na nuna mata hoton Tafawa Ɓalewa kuwa sai ta tambaye ni ko kakanta ne.