Ladi Kwali ba a ɗaka ita kaɗai ta yi suna ba

Duk wanda ya juya bayan naira ashirin zai ga wata mata tana ginin tukunya. Ladi Kwali ce. Muna yawan yabonta, amma ba kasafai muke tambayar yadda aka yi 'yar ƙauyen Kwali a ƙasar Gwari ta kai tukwanenta har Landan ba.

Hannu dai tana da shi tun tana yarinya, a gida ta koya kamar sauran matan garinsu. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tulunanta a fada, a can ne Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane daga Ingila, ya gan su. Cardew ne ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin Abuja na dauri, wato Suleja ta yau, kuma a 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko. Me ta samu a wurin? Tanderu mai tsananin wuta wanda mutum ɗaya ba zai iya ginawa a bayan gidansa ba, da injin juya yumɓu, da ruwan ƙyalli. Sama da duka, ta samu abokan aiki a gefenta, kowa yana ganin aikin ɗan'uwansa. Ba ta bar salonta ba, kunama da kada da hawainiya da kifi suna nan a jikin randunanta, sai dai an gasa su yadda za su daɗe. Daga nan aka kai su baje koli a Landan a 1958, aka sake a 1959 da 1962. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa.

To yanzu ku dubi masu zanenmu a Kano da Kaduna da Zariya. Yaro ya gama sashen zane-zane a ABU, makarantar da su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958 tun tana kwaleji, sai ya koma ɗakinsa yana zana fuskar ɗan siyasa ko allon shago don ya ci abinci. Babu laifi a neman halal. Laifin shi ne babu wanda zai ce masa "wannan launin ya yi yawa," kuma mai saye bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Na san abin da za a ce idan na ce masu zane su haɗu wuri ɗaya su yi aiki: hassada, da tsoron wani ya kwashe maka fasaha. Masu rini a Ƙofar Mata fa? Kowa da raminsa, fili ɗaya, kuma duk baƙon da ya zo Kano ya san inda zai same su. Wasu kuma za su kawo batun zanen mai rai. Sai su tuna da zayyana, da rubutun allo, da adon bangon gidajen Zariya, duk zane ne.

Ba sai an jira gwamnati ba. Mutum biyar su kama shago mai faɗi, su raba kuɗin haya da na sola, su sayi fenti a sari. Idan Sallah ta zo su rataye ayyukansu kwana uku, kowane zane da farashinsa a manne, ƙofa a buɗe ga mai saye da mai kallo.