Ingilishin ɗalibanmu na Tahoua yana buƙatar littafi da majigi

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da hukumomin Yamai suka zartar ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ƙara wa Ingilishi daraja a takarda, amma ɗalibin da ke shirin BEPC (jarrabawar kammala koleji, wato ƙaramar sakandare) ko Bak (jarrabawar kammala babbar sakandare) a Tahoua har yanzu yana koyonsa ne kamar yadda muka koye shi: malami ya rubuta ƙa'ida a allo, ya yi bayaninta da Faransanci, yara su kwafa su haddace.

Ina zaune a Kumasi, kuma bambancin da nake gani tsakanin ƴaƴan zango na nan da ƴaƴan ƴan'uwana na gida ba na basira ba ne. Yaron Kumasi yana jin Ingilishi a rediyo, yana ganinsa a jikin mota da takardar magani, kuma da shi ake koya masa lissafi da tarihi. Yaron Tahoua kuwa ba ya haɗuwa da shi sai ya shiga koleji, sa'o'i kaɗan a mako, sannan da an tashi aji harshen ya ɓace har wani darasin. Ko ya je Birnin Ƙonni ya tsallaka Illela, Hausa ta ishe shi ciniki da gaisuwa, don haka maƙwabtaka da Najeriya ba ta ba kunnensa komai ba.

Na duba littafin rubutun ɗan yayata da ke ajin ƙarshe na koleji. Ya jera fi'ilan da ba sa bin ƙa'ida a layi uku, da jan biro da shuɗi, cikin tsabtar da za ta faranta ran kowane malami, kuma yana iya rero su ba tuntuɓe. Da na miƙa masa gajeren labari mai shafi guda, sai ya tsaya a kan kowace kalma yana neman takwararta a Faransanci, har ma'anar jimlar ta kuɓuce masa kafin ya kai aya. Jarrabawa kuwa nassi take ajiye wa ɗalibi, ta yi masa tambayoyi a kansa, ta kuma nemi ya rubuta nasa. Wanda bai saba karanta shafi a zama ɗaya ba, lokaci zai ƙare masa yana sakin layi na farko.

Shi ya sa nake ganin karatun gajerun littattafai masu sauƙin harshe ya kamata ya zama ginshiƙin shirin jarrabawa tun daga ajin farko. A bar yaro ya karanta labarin da ya ja hankalinsa ba tare da buɗe ƙamus a kowane layi ba, sannan ya faɗa wa aji abin da ya faru cikin jimloli biyar ko shida nasa na kansa.

Fim kuma shi ne zai cike gurbin titin Kumasi da ba mu da shi. Yaranmu ba baƙin kallo ba ne, domin wayoyinsu cike suke da fina-finan Kano da na Indiya masu fassara. Abin da ya rage shi ne malami ya zaɓi yanki na minti goma, ya kunna shi da rubutun Ingilishi a ƙasan hoto, ba na Faransanci ba, ya tsayar, ya tambayi wa ya ce me kuma don me, ya maimaita, sannan kowa ya rubuta taƙaitawa. Ƙaramin majigi, ko kwamfuta ɗaya da lasifika da farantin sola, sun isa aji.

Sai dai Gana ta nuna mini iyakar kunne. Akwai samari a zango da bakinsu ke zuba Ingilishi da burokan kamar ruwa, amma takardar insha'i da taƙaita nassi ta WASSCE, jarrabawar kammala sakandare a nan, tana kayar da su, domin ba sa karatu. Kallon da ba rubutu a bayansa nishaɗi ne kawai, kuma iyayen da ke ɗari-ɗari da fim a makaranta suna da hujja idan ba a tace abin da za a nuna ba.

Mu ƴan Adar, wato yankin Tahoua, da ke Kumasi da Accra da Legas muna aika kuɗi da atamfa gida kowane lokaci. Tsofaffin littattafan labarai na yara suna da araha a kasuwannin nan, kuma kwali guda, idan aka damƙa shi hannun malamin Ingilishi mai himma, zai zagaya aji uku kafin Bak mai zuwa.